Taga a Takardar Bu Lastri

Litinin, 3 ga Rajab, da hantsi

Na tashi da sauƙi yau. Kumburin ƙafa ya ragu, na je bakin rijiya na dawo ban zauna a hanya ba. Na ci rabin farantin shinkafa. Ambulan ɗin asibiti tana ƙarƙashin rediyo, inda na sa ta tun watan jiya. Rediyon ya daina girgiɗi, ashe tana da amfani.

Bu Lastri, maƙwabciyata mai gidan batik, yadin da ake zana wa kaki kafin a rina, ta shigo. Ita sai ta kai tsakar ɗaki take sallama. Mbah suke ce mini a nan, wato kaka.

"Mbah Sarjono, har yanzu hannunka yana riƙe alƙalami?"

"Cokali ne ke ba ni wahala, Bu. Alƙalami ba shi da nauyi."

Ta zauna a kujerar marigayiya matata Suparti, ta faɗa mini abin da na riga na ji ta bayan katanga. Lokacin da mijinta yake da rai, mata goma sha biyu ne ke zana mata kaki a kan yadi. Yanzu biyar suka rage. Mutane sun koma sayen na inji, wanda ake bugawa kamar jarida. Ranar ashirin da biyu ga wata za a yi baje kolin kayan aure a babban zauren gari, an ba ta tebur a can kusurwa. Idan ba ta samo masu ba da aikin bukukuwan watan Layya ba, ƙarshen Sha'aban za ta kashe murhunan ta sallami matan, ta ba mai ajiye babura hayar farfajiyar.

Takardar talla take so, mai ninki uku, wadda mutum zai kai gida, ba wadda zai yi fifita da ita ya yar a bakin ƙofa ba. Ta ce shekara arba'in da ɗaya na yi ina jera baƙaƙen dalma a maɗaba'a, wa za ta tambaya in ba ni ba?

Na ce mata zan duba. Don kada ta ga zumuɗina ne. Tana fita na hau neman rulata.

Tun da Suparti ta tafi, ƙanshin kaki da dariyar matan nan su kaɗai ke shigowa gidan nan ba tare da an gayyace su ba. Ba na son warin babura.

Talata, 4 ga Rajab, bayan Azahar

Na ninke tsohuwar jarida sau tara kafin na samu girman da zai shiga jakar hannu ta mace bai lanƙwashe ba. Wannan shi ne na farko. Na biyu, da wa takardar take magana? Ba da amarya ba. Amarya tana kallon waya. Uwarta ce ke shafa yadi da yatsa, ita ce ke kai shi hanci. Da uwar amarya za mu yi magana.

Na manta da maganin rana. Na sha da La'asar.

Laraba, 5 ga Rajab, da yamma

Na zagaya gidan batik da sandata. Matan biyar suna zaune a kan 'yan kujerunsu, kowacce da ƙaramin murhu a gefe, suna hura bakin alƙalamin kaki kafin su ɗora shi a yadi. Yu Painem, babbarsu, wadda ta fi kowa hannu ta kuma fi kowa baki, ta gan ni tun daga ƙofa.

"Ku ba da hanya, ga ango ya iso! Mbah, an ce kai za ka sa mu a jarida. Ka rubuta shekaruna arba'in."

"Yu, takardar talla ce, ba littafin tatsuniya ba."

Suka yi ta dariya har ɗaya ta ɗiga kaki a cinyarta.

Na tambaye su me zan faɗa wa mutane. Bu Lastri ta ce in rubuta "mafi inganci a duk birnin Solo". Na ce kowa haka yake rubutawa, har mai sayar da soso. Yu Painem, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ka ce musu su juya shi. Namu gaba da baya ɗaya ne, don sau biyu muke zana shi. Na inji bayansa fari fat kamar cikin kifi."

Na rubuta wannan a tafin hannuna don kada ya gudu.

Da zan fita ta biyo ni bakin ƙofa, ta rage murya. Aikin da na ba ta wata biyu da suka wuce ya fito daga rini, yana shanya a can baya. Ba ta gaya wa kowa mai shi ba. Na gode mata. Ba zan ƙara rubuta komai a kansa ba.

Juma'a, 7 ga Rajab

Ban iya zuwa masallaci ba. Na ji huɗuba daga kujera.

Asabar, 8 ga Rajab, da hantsi

Mun yi rigima da Bu Lastri, irin wadda na daɗe ban ji daɗin irinta ba.

Ta kawo jerin abin da take so a sa: sunayen zane iri goma sha tara, hoton marigayi mijinta, hoton lambar yabon da aka ba uwar mijinta, da addu'a. Na ce, "Bu, wannan ba takarda ba ce, akwatin lefe ne." Na nuna mata. A bango, hoto ɗaya tak, na sidomukti, zanen da ango da amarya ke ɗaurawa, da layi ɗaya a ƙarƙashinsa: "Don ranar auren 'yarki." A ciki, zane huɗu, kowanne da wanda ke ɗaura shi. A baya, lambar waya da baƙaƙe manya da tsohuwa za ta karanta ba tabarau, da taswirar lungunmu, don baƙo yana shiga tsakanin dogayen katangun nan sai ya yi ta zagaye har ya koma gida.

"To wannan filin da ka bari ba komai fa? Mun biya takardar duka!"

"Nan ne ido yake hutawa."

"Ido ya je gidansu ya huta."

Ta yarda daga baya. Amma sai ta kama ni. A bayan bango na sa sakin layi guda, layi ashirin da biyu, a kan tarihin unguwarmu ta Laweyan tun zamanin da jiragen ruwa ke kawo auduga ta kogi. Kwana biyu na yi ina gyara shi.

"Mbah, kai da ka hana ni addu'a, wa zai karanta wannan?"

"Masu ilimi."

"Masu ilimi ba sa aurar da 'ya'ya a watan Layya, suna can suna karatu."

Ban cire ba. Ta bar mini, ta ce ladan aikina ke nan.

Litinin, 10 ga Rajab, bayan Azahar

Mas Gunadi ya zo da abin ɗaukar hoto. Shi ke riƙe da maɗaba'ar da na yi aiki a cikinta, ya gaje ta daga babansa, wanda muka yi shekaru muna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Gashinsa har ya fara fari. Ya sunkuya ya kai hannuna goshinsa, ya ce, "Mbah, ka rame." Na ce rigar ce ta yi girma.

Ya ɗauki hoton duk abin da ke kan igiya, gaba da baya. Ya ce Alhamis zai aiko da gwaji in duba in sa hannu. Bu Lastri ta tafi garin Klaten, 'yarta ta haihu, ba za ta dawo ba sai mako mai zuwa. Ta ce, "Takarda taku ce, ni ban san kanta ba."

Talata, 11 ga Rajab

Yau ce ranar da asibiti suka ce in koma. An yi ruwa. Ban je ba.

Alhamis, 13 ga Rajab, da hantsi

Gwaji ya zo! Na wanke hannu kafin na taɓa shi.

Na duba shi yadda aka koya mana. Ka rufe hotuna da farar takarda don kada su ɗauke maka ido, hoto aikin wani ne. Ka ɗora rula a ƙarƙashin layi. Ka karanta daga baƙin ƙarshe zuwa na farko, don idan ka karanta gaba, zuciyarka za ta gyara maka kuskuren da ido bai gyara ba. Awa uku na yi da gilashin ƙara girma. Na kama uku: an juya lamba biyu a lambar waya, an ci baƙi ɗaya a sunan lungu, an raba kalma a inda ba a rabawa. Lambar waya! Da mutane ɗari huɗu sun yi ta kiran wani bawan Allah suna neman zanen amarya.

Na sa hannu a ƙasa da irin sa hannun da nake yi a da, mai wutsiya. Na ci shinkafa faranti guda cur.

Asabar, 15 ga Rajab

Na yi waƙa a bakin rijiya. Yu Painem ta ɗaga murya ta bayan katanga ta ce wa ke yanka akuya.

Talata, 18 ga Rajab, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

An kawo takardun da safe, ƙunshi huɗu. Bu Lastri ta dawo jiya, ta aiko a kira ni don a buɗe a gabana. Matan suka bar murhunansu suka kewaye mu. Na yanke igiya, na zaro ta sama, na kai hanci, ƙanshin tawada sabuwa. Na miƙa wa Bu Lastri.

Duk suka leƙo. Sai Yu Painem ta ce, "Innalillahi."

Hoton da ke bango ba sidomukti ba ne. Slobog ne, mai 'yan murabba'ai da aka raba kusurwa zuwa kusurwa, wanda ake ɗaurawa a je ta'aziyya, wanda ake lulluɓe mamaci da shi kafin a sa masa likkafani. A ƙarƙashinsa da baƙaƙe masu kyau, ba kuskure ko ɗaya: "Don ranar auren 'yarki."

Aka kira Mas Gunadi a waya. Ya ce hoton sidomukti ya fito dishi-dishi, sai ya ɗauki wanda ya fi fitowa fes. Shi a wajensa zane zane ne, riga da wando ya tashi yana sawa. Ya ce ai Mbah ya gani ya sa hannu.

Na sa hannu. Gaban takardar na rufe da hannuna ina farautar waƙafi.

Sake bugawa ba zai yiwu ba, injinsa yana kan wani aiki har Litinin, baje koli kuma Asabar ne. Bu Lastri ta zauna a kan buhun kaki. Can ta ɗago.

"Tsaya. Me ya kawo slobog igiyata? Ban karɓi aikin slobog ba bana. Yu, na wa ne?"

Yu Painem ta shiga hura alƙalamin da ba kaki a cikinsa.

Na ce, "Nawa ne, Bu."

Ta dube ni. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi wuyan rigata. Ba ta tambaye ni komai ba, Allah Ya saka mata. Ta ce kawai, "Mbah, kai mugu ne," ta shige ciki.

Laraba, 19 ga Rajab, bayan Asuba

Jiki ba daɗi. Takarda ɗaya tana kan tebur, na kifa ta.

Laraba, da hantsi

Bu Lastri ta shigo da shayin citta da serabi, wainar shinkafarmu, masu zafi, idonta a kumbure. Ta ce za ta je baje kolin haka nan, ba takarda, ta tsaya ta yi ta magana da bakinta. Ta ce ba laifina ba ne. Na fi son ta zage ni.

Yu Painem ta biyo ta, ta ɗauki takardar da na kifa, tana juya ta.

"Ni da ban yi makaranta ba, idan yadi ya ƙone a wuri ɗaya, ba na yar da shi. Yanke wurin nake."

Ta zaro wani ƙyalle daga ɗamararta, ragowar sidomukti da take goge hannu da shi, ta ɗora a kan hoton. Ya rufe shi daidai.

Na ce a manna a kai ba zai yi ba, wata za ta ɓanɓare ta ga abin da ke ƙasa. Sai na ji bakina yana ci gaba shi kaɗai. A huda bangon. A fitar da hoton gaba ɗaya, a bar taga. A manna ƙyalle na gaske ta ciki. Mace ta taɓa ta waje, ta buɗe ta ga bayansa, gaba da baya ɗaya. Abin da muka rubuta da baƙaƙe, yatsanta zai karanta mata.

Bu Lastri ta buɗe bangon ta duba abin da ke bayan hoton. Ta fara murmushi, na farko tun jiya.

"Mbah, ka san me tagar nan za ta cinye?"

Na sani. Tarihin Laweyan, layi ashirin da biyu.

"Allah Ya ji ƙan jiragen auduga," in ji Yu Painem.

Alhamis, 20 ga Rajab, da yamma

Yau na koma maɗaba'a, bayan shekara goma sha shida.

A keken fasinja muka je, ni da ƙunshi huɗu, mai keken yana cewa takardun sun fi ni nauyi. Mas Gunadi ya tare ni yana ta ba da haƙuri. Na ce ya bar wannan, ya nuna mini inda tsohon injin hannu na babansa yake. Yana can baya, an ɗora masa kwalaye da tukunyar shinkafa. Muka share, muka zuba mai. Wuƙaƙen yanka suna cikin aljihun tebur na uku, inda na bar su.

Na haɗa wuƙa huɗu murabba'i, na ɗaure su da katako, na ƙara takarda a ƙasa har tsayi ya daidaita. Hannun nan da ke zubar da miya bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ta farko ta yage. Ta biyu ta ci gefe. Ta uku, ƙyas, hoton ya faɗo ƙasa, taga ta fito tsaf kamar da ita aka haife ta.

Ba ni da ƙarfin jan hannun injin. Mas Gunadi ne ya ja, ni ina sa takarda ina cirewa, ina masa tsawa kamar yadda babansa yake mini. A ta ɗari biyu numfashi ya ƙi, aka zaunar da ni a kan kwali, aka ba ni ruwa. Na huta, na tashi. Ma'aikatansa suka bar na'urorinsu suka zo kallo. Wata a cikinsu ta ce ba ta san abin nan yana motsi ba, ta ɗauka tebur ne.

Hotunan da suka zubo Mas Gunadi ya tattara zai zuba a shara. Na ce ya ba ni ɗaya. Aikin Yu Painem ya yi kyau ƙwarai, gaskiya ce, hoton ya fito fes.

Juma'a, 21 ga Rajab, bayan La'asar

Yau ba a kunna murhu ba. An shimfiɗa tabarmi, an juye buhun ƙyallayen da Bu Lastri ta yi shekaru tana tarawa tana cewa za su yi amfani wata rana. Biyu suna yanka, biyu suna shafa kokon rogo a gefe, ɗaya tana dannawa da dutsen guga mai sanyi. Ni ne mai duba. Duk wadda ta karkace in mayar.

"Mbah, wannan ai ta miƙe!"

"Ta miƙe a idon mai shekara arba'in."

Sidomukti bai isa ɗari huɗu ba, aka cika da mai ƙananan taurari na iyayen amarya. Ba takarda biyu da suka yi kama. Ƙyallen ya rufe abin da ya rage na tarihina, sai layin farko kaɗai ya tsira a sama: "Tun kakanninmu muna nan." Yu Painem ta sa aka karanta mata, ta ce dama shi ke nan abin da ke ciki, sauran tari ne.

Na ɗauki ɗaya na kai hanci. Tawada da kaki tare. Ban taɓa buga abin da ke da ƙanshi biyu ba.

Bu Lastri ta raka ni har ƙofa. Ta ce ba za ta bar ni in je zauren ba, cunkoso ne da matakala. Kwana biyun da za a yi ana baje kolin za ta kwana wajen ƙanwarta kusa da wurin. Litinin da hantsi za ta zo ta ba ni labari tun daga farko, ko mai daɗi ko marar daɗi. Ta ce kuma ranar Talata ita za ta kai ni inda na ƙi zuwa, ko da a buhu ne. Na ce za mu gani.

Asabar, 22 ga Rajab, da rana

Shiru ta bayan katanga. Haka zai zama ke nan idan abin bai yi ba.

Lahadi, 23 ga Rajab

Shiru. Na share tsakar gida rabi.

Litinin, 24 ga Rajab, da hantsi

Na yi wanka da ruwan ɗumi, na sa rigar Idi. Na goge kujera. Ƙafafun sun kumbura, ban kula su ba.

An ƙwanƙwasa. Na ɗauka ita ce, ko da yake ita ba ta ƙwanƙwasawa. Wata mata ce mai tabarau, da 'yarta a baya, takardarmu a hannunta, ƙyallen har ya ɗan yi duhu don shafa.

"Mbah, a yi haƙuri, nan ne gidan masu gaba da baya ɗaya?"

Na ce ƙofa ta gaba. Na tambaye ta a ina ta samu. Ta ce ba ta je baje kolin ba, yayarta ce ta kawo mata, ta ce kuma ta mayar mata in ta gama.

Litinin, bayan Azahar

Mutum bakwai suka buga mini ƙofa. Na ɗauko takardar na duba taswirar da gilashi. Kibiyar da na zana ta ɗan karkato wajen ƙofata. Ban yi da gangan ba. Ina jin ban yi ba.

Na fitar da kujera bakin lungu na zauna, ina nuna hanya da sanda. Wani dattijo ya tsaya muka yi hira a kan ciwon gwiwa har matarsa ta leƙo ta kira shi ya zo ya zaɓi launi.

Litinin, bayan La'asar

Hayaniya ta bayan katanga tun safe ba ta tsaya ba. Ina jin muryar Bu Lastri ta dishe, tana cewa wata ta yi haƙuri, watan Layya ya cika, sai dai bayansa. Ina jin Yu Painem tana faɗa a je a nemo matan da aka sallama bara, hannu goma ba za su iya wannan ba, kuma wa ya ɓoye sauran murhunan? Hayaƙin kaki ya tsallako har ya sa ni tari. Na bar taga a buɗe.

Shayin da na haɗa mana ya huce, na shanye kofi biyun.

Bu Lastri ba ta zo ba. Allah Ya sa gobe ma ta rasa sararin zuwa.